Sayen mashin tsohon yayi a Kebbi: yadda za ka zaɓa, da abin da ke sa wani samfurin yin kwantai

A rumfar dillalan mashin ta Birnin Kebbi ko ta Jega, Boxer mai lafiya ba ya daɗewa. An kawo shi da hantsi, kafin la'asar wani ɗan kabu-kabu ko manomin shinkafa ya biya ya hau. Amma leƙa can ƙurya, za ka tarar da wani an lulluɓe da tamfol: tsohuwar Vespa, ko Honda Benly, ko wani ƙato mai zagayayyar fitila da salansa mai ƙyalli wanda aka shigo da shi ta Kwatano. Kowa ya zo sai ya yaye tamfol ɗin, ya shafa tanki, ya ɗauki hoto da waya, ya tambayi kuɗi, ya wuce. Damina ta zo ta tafi yana nan.

Idan irin wannan mashin ɗin ne ya kwanta maka a rai, ba laifi ba ne. Sai dai kafin ka tambayi nawa ne, ka fara gano abin da ya zaunar da shi. Wani kwantan riba ce ga mai saye, wani kuma tarko ne, kuma daga nesa kamarsu ɗaya.

Mataki na farko: tantance irin wanda kake nema

Abin da ake kira tsohon yayi ya kasu uku.

Akwai tsoho na gaske, wanda iyayenmu suka hau. Honda Super Cub, kakan duk wani roba-roba, ya fito a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 kamfanin ya ƙera sama da miliyan 100. Vespa ta fito a Italiya a 1946, samfurinta na PX kuma a 1977. Akwai Bajaj Chetak na Indiya, wanda aka fara a 1972 bisa tsarin Vespa. Akwai Honda CG125 na 1975, da Benly, da Road Master, da Yamaha Mate, da Suzuki AX100 wanda Jincheng ya ci gaba da ƙera irinsa har ya cika titunanmu a farkon shekarun 2000.

Akwai kuma sabo fil da aka yi wa kamar tsoho. Royal Enfield Classic 350 na Indiya ke nan, da Triumph Bonneville na Ingila wanda asalinsa 1959 aka sake farfaɗo da shi a 2001, da Kawasaki W800, da Super Cub C125 na 2018. Kallonsu na da ne, cikinsu na yau: injekta maimakon kafireta, na'urar kwamfuta a ƙarƙashin kujera, birkin faranti.

Na ukun shi ne haɗe-haɗe: shasin tsohon Honda da aka ɗora wa injin Lifan na Caina, ko mashin ɗin Caina da aka sauya wa tanki da kujera da fitila. Kada ka raina wannan, don sau da yawa shi ne ya fi sauƙin riƙewa a garuruwanmu. Matsalarsa ɗaya, a sayar maka da shi da kuɗin tsoho na gaske.

Mataki na biyu: wane aiki zai yi maka?

Wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Idan mashin ɗaya za ka mallaka, da shi za ka je ofis, ka kai yara makaranta, ka sauka fadama da damina, to tsoho na gaske ba naka ba ne, sai fa CG125 ko roba-roba. Vespa ƙafarta ƙarama ce, inci goma, wasu tsofaffin ma takwas. Yashi da taɓo ba mutanenta ba ne. Classic 350 nauyinsa ya kai kilo 195, kusan biyun Boxer, kuma za ka san haka ranar da ya kwanta maka a rairayi. Idan kuwa na sha'awa ne, na zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure da ɗan zagayen yamma zuwa Argungu a dawo, ƙofa a buɗe take.

Mataki na uku: gano dalilin kwantai

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Dalili na farko kasuwar ce da kanta. Yawancin masu sayen mashin a Kebbi neman abinci suke yi da shi. Suna son wanda zai ɗauki mutum biyu da buhu, ya sha mai kaɗan, bakaniken kowane ƙauye ya iya kwance shi ya ɗaure, in buƙata ta taso kuma a sayar da shi a yini guda. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika faɗa ba, amma shi ne babba: ga manomi, mashin ajiya ce. Ya saya da kaka, in bazara ta matsa ko lokacin taki ya zo ya sayar. Mashin ɗin da sai an yi wata huɗu ana neman mai so bai cika wannan sharaɗin ba, komai kyansa. Saboda haka kwantai na haifar da kwantai: ana gudunsa don ba ya sayuwa, ba ya sayuwa don ana gudunsa.

Na biyu kayan gyara. Kayan mashin da ke shigowa garuruwanmu ta Kano ko daga Nnewi ta jihar Anambra, kayan mashinan da suka yi yawa a titi ne. Ɗan kasuwa ba zai daure kuɗinsa a fistin ɗin Road Master mai silinda biyu ba, alhali ba ya samun mai tambaya ko sau ɗaya a shekara. A nan CG125 da Super Cub suka yi sa'a. Kamfanonin Caina sun kwaikwayi injinansu sosai, har ya zama kayan kwaikwayon da yawa suna hawa na asalin. Shi CG125 ma dama don irin ƙasashenmu aka yi shi. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga mutane ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci, kuma suna labta wa mashin kaya, sai suka tsara inji mai sauƙi wanda ke jure sakaci. Shi ya sa tsohon CG bai cika zama a rumfa ba, yayin da ɗan'uwansa mai silinda biyu, wanda ya fi shi daɗin hawa nesa ba kusa ba, yake shan ƙura.

Na uku fetur. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce yaya shan mansa. Masu hayaƙi, wato waɗanda injinsu ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin su Vespa da AX100 da Mate, su abin ya fi shafa, don sun fi sha, ga kuma kuɗin man 2T, wanda ake haɗawa da fetur ɗin, a kai. Manyan nan masu girman inji cc 800 zuwa sama kuwa ba a magana. Sannan faɗuwar naira tun daga wannan shekarar ta sa duk abin da sai an yi odarsa daga waje ya yi tsada.

Na huɗu tsaro. A yankinmu mashin ba abin hawa ba ne kawai a idon jami'an tsaro. A 2019 rundunar soja ta hana hawa babura a dazuzzukan wasu jihohin arewa, har da Kebbi da Zamfara, kuma a 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Tun daga nan mutane suka ƙara tsoron mashin marar takarda. Tsofaffin mashina kuwa su ne takardunsu suka fi ɓata: mai shi ya rasu, an raba gado, rasit ya bi ruwa ko gara ta cinye.

Na biyar mai mashin ɗin. Wani ba sayarwa yake son yi ba har zuci. Na mahaifinsa ne, ko shi ne abin da ya fara saye da albashinsa na farko, sai ya ɗora kuɗin ƙauna a kan kuɗin ƙarfe. Wani kuma ɗansa ya nuna masa a intanet yadda ake sayar da tsohuwar Vespa a Turai, ya manta masu biyan wancan kuɗin ba sa zuwa kasuwar Jega.

Kada a ɗauka a nan kaɗai abin yake. A ƙasashen da ake ƙera su ma, wasu sababbi masu kamar tsoho ba sa gudu a kasuwa. W800 misali ne: mashin mai kyau, mai nauyin sama da kilo 210, amma ƙarfinsa wajen doki 50 ne kawai, kuma da kuɗinsa matashi zai sami wani na zamani da ya fi shi ƙarfi da sauƙin nauyi. Yamaha SR400 ya rayu daga 1978, ba shi da sitata sai kik, har aka fitar da na bankwana a Japan a 2021. Honda ma ta daina CB1100, don injin da iska ke sanyayawa yana shan wahala wajen cika dokokin hayaƙi na yanzu. Classic 350 kuwa ya samu karɓuwa ƙwarai a Indiya saboda kuɗinsa da dama-dama, ga shagunan kayansa da masu gyaransa ko'ina. Wannan gatan a Indiya yake. Bai biyo shi Birnin Kebbi ba.

To, ga yadda za ka raba. Idan abin da ya zaunar da mashin shi ne ƙarancin masu so, ko shan mai, ko tsadar da mai shi ya ɗora, wannan kwantan kasuwa ne, kuma kai ne da riba, don lokaci na gefenka. Idan kuwa rashin kayan gyara ne, ko wani ciwo a inji da kowane bakanike ya duba ya ja da baya, ko takardu, wannan aibi ne, zai biyo ka gida. Dillali ba zai gaya maka wanne ne ba. Mai shayi ko mai faci na kusa da rumfar ya fi shi amfani: tambaye shi tun yaushe mashin ɗin yake nan, mutum nawa suka taya, an taɓa saye aka dawo da shi?

Mataki na huɗu: fara da bakanike, ba da dillali ba

Kafin ka je ganin mashin, nemi wanda zai riƙa gyara maka shi. Tsofaffin mashina da yawa kontak gare su, wato tsohon tsarin ba fulogi wuta, ba CDI irin na mashinan yanzu ba, wasu kuma wutarsu bolt shida ce ba goma sha biyu ba. Yaran gareji na yanzu da suka tashi a kan Boxer ba su taɓa saita kontak ba. Nemi dattijon bakanike, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, akwai wata Vespa da nake son saye, in na kawo za ka iya riƙe min ita?" Amsarsa da yanayin fuskarsa sun isa. In sabo ne mai injekta, tambayar ita ce wa ke da na'urar duba shi, kuma a wane gari. In amsar Kano ce ko Abuja, sa kuɗin motar ɗaukar mashin a lissafinka tun yanzu.

Daga nan ka zarce shagon kayan gyara da jerin abubuwa biyar: fistin da ringi, farantan kuloci, takalmin birki, kebur, taya. In uku na nan a shagon yau, biyu kuma za a iya kawowa cikin mako, to mashin ne da za ka iya riƙewa. In ko mai shago ya ce sai dai ka duba wurin 'yan gwangwan, ka san inda ka dosa.

Mataki na biyar: dubawa

Je da safe, kai da bakanikenka, kuma ka ce kada a tayar kafin ku iso. Da zuwa ɗora bayan hannunka a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar, kuma akwai abin da ba a so ka gani: inji mai ciwo da sanyi yake nuna halinsa.

Taka kik a hankali da ƙafarka, makulli a kashe. Ya kamata ka ji ya turje a wani wuri kafin ya wuce. In ya sauka salalaf ba turjiya, ringi ko bawul sun gaji. Zaro sandar gwada baƙin mai ka goga a farar takarda. Baƙi ba komai ba ne, juye ne ya yi jinkiri. Abin tsoro biyu ne: ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, da mai wanda ya koma kalar shayi da madara. Na biyun ruwa ne ya shiga inji. A jihar da ambaliya ke ci, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa a 2020, mashinan da suka kwana cikin ruwa ba su da wuyar samu. Cire kujera ka duba ƙarƙashinta da cikin akwatin iska. Busasshen laka a inda mai wanki ba ya kaiwa shaida ce.

Haska cikin tanki da fitilar waya. Tsatsa kaɗan ana wankewa, amma in tana ɓarewa, ko ka ga fenti ya kumbura a ƙasan tanki ta waje, ya kusa hujewa.

Yanzu a tayar. Tsaya ta baya ka kalli salansa. Ga mashin irin CG ko Cub, shuɗin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi na nufin yana cin baƙin mai, aikin borin, wato faɗaɗa silinda, da sabon fistin na jiranka. Baƙin hayaƙi yawanci saitin kafireta ne, ƙaramin aiki. Ga masu hayaƙi na asali shuɗin ba laifi ba ne. Abin lura a wurinsu shi ne inji ya riƙa ƙara wuta da kansa ba ka murɗa ba, alamar oyil sil ɗin karanshaf na shan iska, kuma sai an raba inji biyu kafin a kai gare shi. Saurari ƙara. Ƙas-ƙas na sama-sama saitin bawul ne. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in an ba da wuta, kuɗi ne masu yawa.

Ɗora shi a kan babban jak, ka kama ƙafar baya ka jijjiga hagu da dama, ka yi wa ta gaba haka. Juya kan mashin daga ƙarshe zuwa ƙarshe, in yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya mutu. Duba wuyan shasi da kyau: sabon fenti a wuri ɗaya ko tabon walda na nufin ya taɓa karyewa. Vespa kuwa jikinta shi ne shasinta, ƙarfe ne guda, don haka ɗaga robar da ake taka ƙafa, ka durƙusa ka leƙa ta ƙasa. In wurin ya ruɓe, fentin sama ba zai cece ta ba.

Sai hawa. Shiga kowace giya, ka ba da wuta sosai a ta biyu da ta uku ka ga ko za ta fita da kanta. Wannan ciwon ya yi yawa a tsofaffin Vespa. A hanya miƙaƙƙiya sassauta riƙo kaɗan, in yana ja gefe ɗaya ya taɓa cin karo. Da ka dawo ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake tayarwa. Wani mashin ɗin da zafi yake ƙin tashi, koyil ce ke mutuwa.

In sabo ne wanda ya daɗe a shago, zama ma ciwo ne. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar a zafinmu ta bushe ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A lambar shasi mai harafi da lamba 17 kuma, na goma shi ke nuna shekarar samfuri: L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Da wannan za ka gane "sabon shigowa" da ya shekara uku a sito. Duba wayoyi ko ɓera ya ci, ka sa a ranka batir sabo za ka saya.

Mataki na shida: lambobi da takardu

A nan ba sassauci. Goge lambar shasi da ta inji da tsumma da ɗan fetur, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa da abin da ke takarda. Haruffan kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya. In wurin ya yi santsi kamar an goga, ko wata lamba ta karkace, ka bar mashin ɗin ko kyauta ne. In an sauya inji, nemi rasit ɗin sabon injin daban.

Kebbi na iyaka da Nijar da Benin, mashina na shigowa ta wajen Kamba da Bagudo, saboda haka wanda aka shigo da shi daga waje ka nemi takardar kwastan. Tsohon da takardunsa suka ɓata, mai shi ya yi takardar rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda da sunansa, kafin ciniki ba bayansa ba. In na gado ne, ka tabbata magada sun yarda, kada bayan ka gama kashe kuɗin gyara wani ƙane ya taso daga Yawuri ya ce ba da saninsa aka sayar ba. A rubuta takardar ciniki da lambobin biyu, da sunan mai sayarwa da shaidar katinsa, shaidu biyu su sa hannu, a gaban shugaban dillalai ko mai unguwa. Sannan ka yi rajistar lamba da sunanka.

Mataki na bakwai: ciniki

Kafin ka buɗe baki, bakanikenka ya lissafa maka abin da gyara zai ci, ka ƙara rabin wannan a kai, don tsohon inji in an buɗe sai an tarar da abin da ba a zata ba. Cire jimlar daga abin da kake ganin mashin ɗin zai kai in ya gyaru. Abin da ya rage shi ne iyakarka.

Za ka taya, dillali ya kaɗa kai ya ce, "Albarka, Malam. Wanga mashin ba a samun irinai yanzu." Gaskiya ya faɗa, sai dai mai sayensa ma ba a samu. Kada ka kushe kayan mutum, musamman in dattijo ne mai shi. Kushe na sa ya ƙi sayar maka ko da ka kai kuɗin. Ka yaba, sannan ka jera abin da za ka kashe: "Alhaji, mashin ya yi, ba ni da ta cewa. Amma taya biyu, da borin, da batir, duk suna kaina. A duba min." In ba a sallama ba, bar lambar wayarka ka tafi. Boxer ne in ka juya baya wani ke ɗauka. Wanda ya yi wata takwas a ƙarƙashin tamfol zai jira ka mako biyu. Lokacin ma na da tasiri: gab da damina da gab da Babbar Sallah masu kaya sun fi buƙatar kuɗi a hannu, bayan girbi kuwa kowa na da ƙarfin cewa albarka. A yanke maganar la'ada tun farko, wa zai biya kuma nawa. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga takardu da idonka.

Mataki na takwas: makon farko

Ko mai shi ya rantse jiya ya yi juye, sake juye baƙin mai. A wanke tanki da kafireta, a sa ƙaramar matatar mai a tiyo, a sauya fulogi da kebur ɗin birki da na kuloci. Vespa irin PX da ba ta da famfon haɗa mai da kanta, ma'auninta kashi biyu cikin ɗari ne, wato mililita 20 na man 2T a kowace litar fetur. Sami ƙaramin sirinji ko murfi mai awo ka ajiye a akwatinta, kada ka riƙa zubawa da ka. Mai injekta kuma ka nisanta shi da man 'yan bumburutu, don dattin da kafireta za ta haɗiye ta wuce, shi famfon mansa zai kashe. Duk kayan da ka sha wuya kafin ka samu, in ka samu sayi biyu. Sati biyun farko ka tsaya cikin gari da hular kwanonka, inda in ya mutu za ka iya tura shi zuwa garejin Baba, kafin ka fara tunanin hanyar Zuru.